Tieguanyin, Baozhong ko Dancong: wane shayin ulong mai ƙamshin fure ya kamata ka saya?

Wanda ya saba da ataya ko shayin mai tebur, ranar da aka fara miƙa masa kofin ulong mai kyau, tambayarsa ba ta wuce ɗaya: wane turare aka zuba a ciki? In shayin na kirki ne, ba a zuba komai ba. Ganyen shayi ne tsura, daga itacen da ake yin baƙin shayi da koren shayin ataya da shi, ɗan'uwan wanda ake nomawa a tsaunin Mambila. Aikin hannu ne ya fito da ƙamshin, kuma sai ka san yadda ake fito da shi kafin ka iya zaɓe da idon basira.

Ana tsinko ganyen da ya ɗan ƙosa, uku ko huɗu a kan tsinke ɗaya. A baza shi a rana ya yi yaushi, a shigar da shi ɗaki, sannan a kama aikin da shi ne ƙashin bayan ulong: a jijjiga ganyen a manyan faya-fayan gora ko a cikin gangar gora mai juyawa, a bar shi ya huta, a sake jijjigawa, haka har dare ya raba, wani lokaci har asuba. Jijjigar tana ƙuje bakin ganyen, shi kuma da yake da sauran ransa, sai ya amsa raunin da fitar da sinadarai masu ƙamshi. Indol da nerolidol suna cikin waɗanda ke ƙaruwa sosai a wannan gaɓa, kuma indol ɗin yana cikin abin da ke ba furen yasmin ƙamshinsa. Da mai aikin ya ji a hanci cewa ƙamshi ya kai inda yake so, sai ya sa ganyen a wuta mai ƙarfi ya tsayar da rinewar da shan iska ke jawo wa ganyen, ya murza, ya busar. Koren shayi ba a barinsa ya sha iska ya rine, baƙin shayi kuwa sai ya rine gaba ɗaya. Ulong yana tsakani, kuma tsakanin nan faɗi gare shi, tun daga mai kama da koren shayi har zuwa mai dab da baƙi. Bayan wannan akwai gashi a wuta, wanda wasu ake yi musu kaɗan, wasu sosai, wasu ba a yi musu sam. Shan iska da gashi, su biyun nan ne za su gaya maka yadda shayin zai ɗanɗana, da kuma tsawon lokacin da zai jure a ɗakinka.

Tieguanyin shi ne wanda aka fi sani, kuma shi za ka fi cin karo da shi. Gidansa gundumar Anxi a lardin Fujian na ƙasar Sin, inda labaran gargajiya suke kai asalinsa ga ƙarni na 18. A shekarar 2022 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa tsarin nomansa a Anxi cikin jerin gadon noma mai muhimmanci na duniya. Siffarsa ba ta ɓuya: ana ƙunshe ganyen a ƙyalle, a matse shi ya zama ƙwallo mai tauri, a kwance, a sake ƙunshewa sau da yawa, har kowane ganye ya dunƙule ya yi nauyi. Iri biyu ne a kasuwa, kuma kada ka yarda a haɗa maka su a suna ɗaya. Akwai qingxiang, kore shar, wanda bai sha iska sosai ba kuma kusan ba a gasa shi ba. Wannan salo ya mamaye kasuwa ne tun wajen shekarun 1990. Ruwansa fatsi-fatsi ne mai ɗan kore, ƙamshinsa na furen okid yana tashi tun kafin kofi ya kai baki. Akwai kuma nongxiang, wanda aka gasa, launinsa ƙasa-ƙasa, ruwansa kamar zuma, furen ya lafa ya koma ƙarƙashin garɗi. Mutanen Anxi suna cewa tsinkar farkon shekara, ta ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, ta fi kaurin ruwa, ta Oktoba kuwa ta fi ƙamshi. In fure kake nema, ta Oktoba za ka tambaya.

Abin da ya sa nake ba sabon shiga shawarar Tieguanyin shi ne haƙurinsa. Ka manta shi a ruwa ya zarce da rabin minti, ba zai hukunta ka da ɗaci ba. Aibinsa kuwa, sunan ya yi yawa a kasuwa har ya yi arha, ana liƙa shi a kan ganyen da bai cancanta ba. Maras kyau yana warin ɗanyar ciyawa, ko ya zo da tsami mai tsaya wa mutum a maƙogwaro, kuma ƙamshinsa yana mutuwa a zubi na uku. Koren nau'in kuma yana iya damun cikin wanda ya sha shi bai ci komai ba, don haka ba shi ne abin fara buɗa-baki ba.

A ƙetaren mashigin teku, Taiwan ta ɗauki sana'ar daga Fujian ta bi da ita tata hanyar. Baozhong na yankin Wenshan, musamman garin Pinglin kusa da Taipei, shi ne mafi ƙarancin shan iska a cikin sanannun ulong. Ba a dunƙule shi, ana murza shi ne ya yi tsawo, kore mai duhu. Ƙamshinsa siriri ne, mai tsabta, ruwansa ba nauyi. Na san mutanen da suka sha suka ce ba su ji komai ba, kuma ban ga laifinsu ba, domin harshen da ya saba da sukari cokali uku yana bukatar kwanaki kafin ya fara jin irin wannan. Sai na kan tsauni, wanda a Taiwan ba a kiransa da wannan suna sai an noma shi sama da mita 1,000: Alishan a gundumar Chiayi, Shanlinxi a Nantou, da Lishan inda wasu gonaki suka haura mita 2,000. Sanyi da hazo suna sa ganyen ya yi girma a hankali, ɗaci ya ragu, ruwan ya yi santsi da kauri a baki. Furen a nan ba ya ihu, yana cikin ruwan ne, kuma yana daɗewa a maƙogwaro. Tsada gare shi, kuma da yake Biyetnam da arewacin Tailan suna noma irin waɗannan itatuwa da salo iri ɗaya, ba duk fakitin da aka rubuta Alishan a kansa ne ya ga Alishan ba. Shayin waɗancan ƙasashe ba shi da laifi in an sayar da shi da sunansa da kuɗinsa.

Ga mai tattalin aljihu, Taiwan tana da Sijichun, wanda ake nomawa da yawa a Mingjian ta gundumar Nantou. Itace ne mai yawan toho, ana tsinkarsa sau da dama a shekara, akasari da inji, shi ya sa yake da sauƙin kuɗi. Ƙamshin furensa yana da ƙarfi ƙwarai, sai dai ruwan ba shi da zurfi, yana gajiya da wuri. Akwai kuma Jinxuan, irin da cibiyar binciken shayi ta Taiwan ta fitar a 1981 da lamba 12, wanda a halittarsa yake da ɗan ƙamshin madara can ƙasa-ƙasa. In ka buɗe leda ƙamshin madara ko alawa ya buge ka tun daga nesa, fesa masa aka yi.

Yanzu ga wanda ya fi kwanta mini a rai, Dancong na tsaunin Fenghuang a Chaozhou, gabashin lardin Guangdong. Tarihinsa daban ne. Manoman wurin sun daɗe suna lura cewa wata bishiya a cikin gona tana ba da ƙamshin da maƙwabciyarta ba ta bayarwa, sai su tsinke ta ita kaɗai, su sarrafa ganyenta daban. Daga baya aka riƙa yaɗa irin waɗannan bishiyoyi ta hanyar dashe, kowane dangi da ƙamshinsa, har aka kasa su manyan rukunai kamar goma. Milanxiang, mai haɗa zuma da furen okid, shi ne ya fi yawa kuma ya fi sauƙin samu. Huangzhixiang yana ƙamshin furen gadeniya, wadda dangin gauɗen dajinmu ce. Akwai mai ƙamshin yasmin, akwai na furen magnoliya, akwai na wani fure dangin citta, akwai Yashixiang da ya yi tashe a 'yan shekarun nan, mai kaifin ƙamshi da ɗan maiƙo a harshe. Mafi daraja yana fitowa ne daga tsofaffin bishiyoyi a ƙauyukan da ke kan dutsen Wudong, wasunsu sun fi mutum tsawo nesa ba kusa ba, har sai an hau tsani ko an taka reshe kafin a tsinka.

Busasshen ganyen Dancong dogo ne, baƙi-baƙi, a murɗe, ba nauyi. Ya fi Tieguanyin kore shan iska, kuma ana gasa shi, na gargajiya a kan gawayi da aka lulluɓe da toka, a hankali, wani lokaci sau biyu ko uku da hutu a tsakani. Ruwansa ruwan zinariya ne mai ja-ja. Milanxiang mai kyau, in ka ɗaga murfi a zubi na biyu, za ka ji fure da 'ya'yan itace nunannu a tare, ka kurɓa ka ji ɗan bauri ya kama gefen harshe, kafin ka ajiye kofi ya sake ka ya bar zaƙi. Babu ulong ɗin da ya kai shi yawan fuskoki. Amma babu wanda ya kai shi saurin fushi. Sakan goma na sakaci sun isa su mayar da shi ɗaci da maƙaƙi, kuma mai arha, wanda aka tsinka a lokacin zafi a gonakin ƙasa, yana da baurin da dabara ba ta gyara shi. Sabon gashi kuma yana son a bar shi ya huta makonni kafin ƙaurin wuta ya sauka.

Akwai rukuni na huɗu da ya kamata a ware: ulong da aka turara da fure na gaske. Ana cakuɗa ganyen da ɗanyen fure, yawanci osmantus, wani ɗan mitsitsin fure rawaya, ko kuma yasmin, a bar su su kwana ganyen ya zuƙe ƙamshin, a tsince furen ko a tankaɗe, a sake busarwa. Sana'a ce mai tsohon tarihi, ba ha'inci ba ce, kuma ulong mai osmantus yana da daɗi ƙwarai in an yi shi da ruwan sanyi. Ha'incin yana wurin mai fesa man ƙamshi a kan ganye maras kyau ya watsa 'yan busassun furanni don ido. Gane shi ba wuya: busasshen ganyen yana ƙamshi fiye da jiƙaƙƙen, zubi na farko kamar turare, na uku kamar ruwan zafi tsura. Na ainihi akasin haka yake, busasshensa ba ya cika baki, sai ya ji zafi yake buɗewa, kuma zubi na biyu da na uku su ne ƙololuwarsa.

Yadda ake haɗa su ma yana cikin abin da za ka duba kafin ka zaɓa. Doka ta farko ta shafe su duka: ba a dafa ulong a kan wuta. Koren shayin ataya yana jure tafasa da sukari da na'ana'a domin ƙarfi ake nema a wurinsa. Ƙamshin fure kuwa tururi ne ke ɗauke shi, in ka tafasa ganyen ɗakin ne zai sha shayin, kai ka sha ɗaci. Kada kuma ka yi amfani da butar da ta saba da ataya, ta riga ta riƙe warin na'ana'a. A Chaozhou da Anxi gaiwan ake amfani da shi, wato ɗan kwanon tangaran mai murfi da ke cin mililita 100 zuwa 120. In babu, ƙaramin kofin tangaran da faranti a matsayin murfi da 'yar rariya sun wadatar, ƙananan kofunan gilashi na ataya kuma sun dace da sha.

Fara da ɗauraye kwanon da ruwan zafi, ka zubar, ka sa busasshen ganyen a ciki, ka rufe na ɗan lokaci, ka buɗe ka shaƙa. A nan ne shayin yake fara gabatar da kansa. Tieguanyin yana son giram 7 a irin wannan kwano, shi ya sa ake sayar da shi a 'yan ledoji masu kusan wannan nauyi. In ba ka da sikeli, ya rufe gindin kwanon kawai, domin zai kumbura ya cika shi. Ruwa tafasasshe, a zuba a tsiyaye nan take don ganyen ya farka, sannan sakan 20 zuwa 30, kana ƙara kaɗan-kaɗan a kowane zubi. Mai kyau zai kai zubi shida ko bakwai. Na kan tsaunin Taiwan haka ake yi masa, sai dai giram 5 ko 6 sun isa. Baozhong ya fi son ruwan da ya ɗan huce zuwa wajen digiri 90, wato ka sauke buta ka buɗe murfi minti biyu. Dancong kuwa, da yake ganyensa sako-sako ne, giram 5 zuwa 6 za su kai rabin kwanon ko fiye. Ruwa mai zafi sosai, a zuba ta gefe ba a kan ganyen kai tsaye ba, a rufe, a tsiyaye cikin sakan biyar zuwa goma, kuma a tsiyaye tas, kada ɗigo ya rage yana ci gaba da jiƙa ganyen. In ka kiyaye haka zai ba ka zubi goma ko fiye. Mutanen Chaozhou suna jera ƙananan kofuna uku a manne da juna, su riƙa zagayawa da zubin a kansu don ƙarfin ya zo daidai, ɗigon ƙarshe ma a raba shi. Wannan al'ada tasu tana cikin fasahohin shayin Sin da UNESCO ta karɓa a matsayin gadon al'adun duniya a taronta na Rabat a 2022.

Wanda ba shi da lokacin wannan zama, giram 3 a babban kofi na mililita 250, minti uku, zai ji daɗin Tieguanyin, Sijichun ko Jinxuan. Dancong bai dace da wannan hanya ba sai an rage ganye da lokaci sosai. A tsananin bazara kuma akwai hanyar sanyi: giram 8 zuwa 10 a lita ɗaya ta ruwa, a sa a firji ya kwana. Ruwan sanyi ba ya jawo ɗaci sosai, furen yana fitowa fes, kuma a nan Sijichun mai arha yana yin abin mamaki.

Ruwa kansa rabin shayi ne. Ruwan burtsatse mai gishiri-gishiri ko mai barin farin ɓawo a gindin buta yana danne ƙamshi ya sa ruwan shayin ya yi duhu. Na famfo mai warin kulorin ma haka. Gwada ganye ɗaya da ruwa iri biyu a rana ɗaya, za ka ga bambancin da idonka kafin ma ka kai baki.

Wajen ɗanɗanawa, ka bar sukari da madara a gefe. Shaƙi cikin murfin yana da zafi, ka sake shaƙa bayan ya huce, domin ƙamshin da ya rage a murfi mai sanyi shi ne shaidar ganye mai kyau. Ka kurɓa tare da ɗan jan iska don ruwan ya bazu a baki, ka haɗiye, ka rufe baki ka fitar da numfashi ta hanci. A nan furen yake dawowa. Sannan ka jira. Ulong na kirki yana barin wani zaƙi da ke tasowa daga maƙogwaro bayan an haɗiye, irin wanda mai cin goro yake ji in ya kora da ruwa. In baurin ya tsaya ya busar da baki bai juye zuwa wannan zaƙi ba, ko dai ka daɗe da shi a ruwa, ko ganyen ne ba shi da kyau. A ƙarshe ka juye jiƙaƙƙen ganyen a faranti ka duba. Ya kamata ya zama cikakke, mai laushi, mai kauri in ka murza shi da yatsa. A Dancong da ulong ɗin gargajiya za ka ga tsakiyar kore ce, bakin kuma ja, alamar jijjigar nan da aka yi masa cikin dare.

To wanne za ka saya? A ganina, ga mai zama a ƙasa mai zafi, ajiya ce take yanke hukunci kafin harshe. Tieguanyin kore da Baozhong da na kan tsaunin Taiwan duk ba a gasa su sosai ba, kuma zafi da iska suna cinye ƙamshinsu cikin 'yan makonni da zarar an buɗe. A Sin ma masu shaguna a firiza suke ajiye Tieguanyin kore. In kana da firjin da ba ya kwana a kashe, ka saye su a ƙananan ledojin da aka zuƙe wa iska, ka fito da wadda za ka sha kaɗai, ka bar ta ta huce daga sanyi kafin ka yanka, don kada raɓa ta sauka a kan ganyen. In wuta tana zuwa tana ɗaukewa, firjin zai fi yi wa shayin illa fiye da amfani, don haka kuɗinka ya fi tsira a wurin Milanxiang ko Tieguanyin gasasshe, waɗanda za su yi shekara a gwangwani mai rufuwa gam, a wuri mai duhu. Ko wanne ne, ka nisanta shi da turaren wuta, da daddawa, da kayan yaji, domin halin da ya sa ganyen shayi yake zuƙe ƙamshin osmantus shi ne zai sa ya zuƙe na kicin.

Don haka sabon shiga ya fara da ɗan Sijichun ko Tieguanyin na Oktoba, abin da zai shanye cikin wata guda, ya koyi hannunsa a kan shayin da ke yafe kuskure. Mai son ruwa mai santsi wanda ba ya son ɗaci ko kaɗan, kuma aljihunsa zai ɗauka, ya nemi Alishan daga hannun wanda ya amince da shi. Wanda kuwa ya saba da ƙarfin ataya, yake son shayin da zai ji shi a baki, kuma yana da haƙurin tsayawa a kan kwano, Dancong ne nasa, kuma shi zan zaɓa in an ce in ɗauki ɗaya.

'Yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou suna da dama a hannunsu, domin kasuwar shayi ta Fangcun, ɗaya daga cikin mafiya girma a Sin, a birnin take, kuma Chaozhou lardinsu ɗaya. A can al'ada ce mai shago ya zaunar da kai ya haɗa maka kafin a yi maganar kuɗi, don haka kada ka biya abin da ba ka sha ba, kuma ka jira zubi na huɗu kafin ka yanke shawara. Farashin da za a faɗa maka yawanci na jin ɗaya ne, wato giram 500. Ba dole ne ka ɗauki wannan yawa ba. Ka nemi liang ɗaya ko biyu, giram 50 ko 100 ke nan, ka tambayi watan da aka tsinka, kuma ka tsaya a auna maka daga buhun da aka ɗebi wanda ka ɗanɗana.